Matar da Take Zuwa Dubiya Kafin a Kawo Majinyaci

Jama'a, wannan labarin ba ji na yi a bakin wani ba, da ni ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa komai ba. Shekarun baya ne, lokacin da na fara horon ƙwarewa a fannin tiyata a wani babban asibiti a nan cikin garin Bauchi. Na kama ɗaki a Gwallameji, kullum in hau keke da sassafe, dawowa kuwa sai yadda ta yiwu. Duk wanda ya yi aikin ya san yadda ake yi da sabon shiga, kai ne ɗibar jini, kai ne wankin ciwo, kai ne kuma za a yi wa tsawa a gaban marasa lafiya in babban likita ya zo zagaye. An ajiye ni a ɗakin maza, ƙarƙashin wani ɗan kudu, Dakta Emeka, mutum mai barkwanci, Hausarsa irin ta kasuwa, mace ma "shi" yake ce mata. Ya riƙe ni kamar ƙaninsa, a kwano ɗaya muke cin abinci.

Wata rana bayan la'asar, lokacin dubiya, ɗaki ya cika da mutane, ina tsaye ina gyara wa wani ƙarin ruwa, sai na ji an ce, "Likita, sannu da aiki." Na juya na ga wata dattijuwa, ba tsohuwa can ba, da hijabi ruwan toka, ta riƙe kular abinci. Ta tambaye ni wane gado ne Ɗanlami mai walda na Fadaman Mada. Ni kuwa na san majinyatana ɗaya bayan ɗaya, na ce mata babu mai wannan suna a nan, ta duba wani ɗakin. Ta ce, "Au, bai iso ba ke nan." Ta juya ta fita, ni ma na ci gaba da aikina.

Washegari da hantsi aka gunguro mana wani magidanci, ya faɗo daga saman bene yana haɗa ƙarfen tankin ruwa. Da na tambayi ƙaninsa sunansa ya ce Ɗanlami, mai walda ne, daga Fadaman Mada. Na ce masa ai jiya wata 'yar'uwarsu ta zo nemansa. Ya kalle ni ya ce jiya war haka yayansa yana shago lafiyarsa lau. Mutumin bai yi mako ba ya rasu.

Na yi ta ba kaina haƙuri, na ce gajiya ce, wataƙila sunan ne ya yi kama. Har na fara mantawa sai ga ta kuma, a irin lokacin, da irin kular, wannan karon Baba Sale mai goro take nema. Da ta fita na tafi wajen Sista Rahila, shugabar masu jinya ta ɗakinmu, na faɗa mata sunan, na ce ta riƙe shi a ranta zuwa gobe. Ta ce ita ba ta ga kowa ta yi min magana ba, mata masu hijabi ruwan toka kuwa ai sun fi goma a ɗakin. Gaskiya a lokacin su na fara zargi, na ɗauka masu jinya ne suka haɗa baki suke gwada sabon likita. Sai da aka kawo tsohon washegari, hanjinsa ya murɗe, na ga yadda fuskar Sista Rahila ta sauya, sannan na san ba ta da masaniya. Mun yi masa aiki, amma shi ma bai tashi ba.

To nan fa abin ya juyo kaina. Ni ina zargin matar, ina tunanin ko wata ce da take cutar da mutane sannan ta biyo ta ga yadda aikinta ya ci, ashe ma'aikatan ɗakin kuma ni suke kallo. In na shigo ana hira sai a yi shiru. Wata mai shara da muke gaisawa kullum ta koma canza hanya in ta hango ni. Ban ga laifinsu ba, ni ne dai na faɗi sunan mutum kafin ciwo ya same shi.

Zuwanta na uku, wallahi har yau ban manta da shi ba. Ta gaishe ni kamar kullum, ta ce, "Wane gado ne Emeka, likitan nan?" Alhali ga shi can ƙarshen ɗakin yana tsokanar wani majinyaci, ana ta dariya. Na ce mata, "Baba, ke wace ce? Wa yake aiko ki?" Sai kawai ta juya. Na bi ta da sauri, ina ganin bayanta har baranda, sai masu tura gado suka ratsa tsakaninmu, kafin su wuce babu ita. Na tambayi mai gadin ƙofa, ya ce shi mutane yake gani suna shiga suna fita.

Na daɗe ina shawara da zuciyata, in faɗa a ce ni ne sanadi, in yi shiru kuma wani abu ya same shi ban san yadda zan yi da raina ba. Daga ƙarshe na ja shi gefe na zayyana masa komai, na roƙe shi kada ya tuƙa mota gobe, kada ya je ko'ina. Ya yi dariya har da dafa bango, ya ce barci ne bai ishe ni ba, in matar ya dawo in karɓo mana abincin. Amma da ya ga ban yi dariya ba sai shi ma ya daina.

Washegari ya zo aiki lafiya. Muna tsakiyar zagaye, yana yi wa babban likita bayani, kawai ya riƙe ciki ya durƙushe. Gyambon ciki ne ya fashe, shi da bai taɓa ce mana yana da shi ba. Da yake a gabanmu ya faɗi, nan take aka shiga da shi tiyata, Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Sai dai matarsa ta hana ni zuwa kusa da gadonsa, don labari ya riga ya kai mata, har da cewa tare muka ci abinci kwana ɗaya kafin ya faɗi. Shi bai taɓa faɗa min magana marar daɗi ba, amma da ya warke ya dawo, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, bai sake zama ya ci komai da ni ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Ba a jima ba aka mayar da ni wani sashen, kamar yadda ake juya mu. Ranar da zan bar ɗakin, ina sallama da majinyata, sai na ji gaisuwar nan a bayana. Ta tambaye ni gadon wani, sunan da ta kira kuwa shi ne wanda kakata take kirana da shi a ƙauyenmu, ita kaɗai, ta kuma rasu tun ina firamare, a Bauchi ko matata ba ta san shi ba. Da ƙyar na ce mata babu mai wannan suna a nan. Ta kalle ni sosai, karon farko da ta kalli cikin idona, ta ce, "To, ba komai, zan dawo."

Washegari ban fita ba, na kwanta a ɗaki ina jiran abin da zai zo, babu abin da ya zo. Shekaru sun wuce, na gama horona, ga iyali, ko kwana ɗaya ban taɓa yi a gadon asibiti ba, alhamdu lillahi. Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, babu amsar da ta kwantar min da hankali. Har yau in la'asar ta yi, 'yan dubiya suka fara shigowa, ba na yarda in ba ƙofa baya.

Ku da kuke aiki a asibiti, musamman sababbi, ku riƙe addu'a kafin ku shiga ɗakin marasa lafiya. In kuma wani ya zo tambayar majinyacin da ba ku da shi, ku ce babu, ku bar maganar a nan, kada ku maimaita sunan a gaban kowa. Allah ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba ma gani.