Ranar da Malam Bai Shigo Mini da Dala Ba

Shin Malam bai ji toshiyar hudar dalar nan da yatsansa ba ne, ko kuwa ya ji ya yi shiru don ni in buɗe baki? Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma babu safiyar da zan shimfiɗa tabarma a bakin zaure ban yi wa kaina wannan tambaya ba. Ranar kam ba ta taɓa fita raina ba, kuma tunda ku maƙeran layinmu kun ce in ba ku labarinta, ga shi ina faɗa, 'yata Asabe tana rubutawa, don ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba.

Sunana Tabawa. Malam, mijina, maƙerin fari ne a nan Birnin Gwari, wato mai aikin azurfa: zobe, awarwaro, 'yan kunne. Yana ƙira a zaure, ni ina cikin gida ina wanke masa kaya da tsamiya da toka har su yi fari. Haka muka yi fiye da shekara arba'in. Da zaman ƙauye ya gagara, mata daga wajen Kuyello da Gayam suka riƙa shigowa gari da abin da hannu zai iya ɗauka, cikinsa har da tsofaffin kuɗin azurfa na zamanin Turawa da iyayensu suka bar musu, sule da dala. Da can narkar da su ake yi. Sai ga masu tara tsofaffin kuɗi suna zuwa daga Kaduna, su kuma ba nauyin azurfar suke saye ba. Suna son kuɗin yadda ya fito daga hannun mutane, ba a wanke ba, ba a huda ba, ba a gyara ba. Ranar da Malam ya hana ni taɓa su da tsamiya na yi mamaki, ya ce dattin ma tare da shi ake saye.

Inda ake son abu bai taɓu ba, nan masu gyara suke shigowa. Wani ya goge suɗaɗɗiyar dala ta yi ƙyalli, wani ya sa ƙarfen zane ya sake fito wa sarkin da gemu, wani ya narka azurfa ya toshe huda. Saboda haka mai saye ba ya yarda sai an kai wa Malam. In aka ce “Malam ya duba,” magana ta ƙare. Ba mu da gona mai yawa, ba mu da shago. Wannan kalmar ita ce dukiyarmu.

Bari in gaya muku yadda nake dubawa, ku ƙanana ku riƙe. Da safe ake yi, kafin rana ta ɗaga, don hasken da ya zo a kwance shi ke tona komai. Ka riƙe kuɗin ta gefe, ka riƙa karkata shi a hankali. Kuɗin da ya tsufa da kansa wuraren da suka fi tudu ne ke fara suɗewa: kumatun sarki, saman hularsa, ganyen bishiyar kwakwar da ke baya. In ka ga kumatu sun suɗe amma gemu tsaf kamar jiya aka aske, hannu ya bi wurin. Ƙarzanen yawo kuma ba shi da alƙibla, wannan ya yi gabas wannan ya yi kudu. Na magagari, ƙarfen da ake goge azurfa da shi, a jere yake tafiya kamar kunyar gona. Masu karatu idonsu kan rubutu da lambar shekara yake faɗawa. Ni da rubutun bai ce mini komai ba, filin da ke tsakani nake kallo.

Akwai abin da ba wanda ya sani a lokacin sai mu biyu. Yanar ido ce ta rufe wa Malam gani, shekara uku yana ganin mutum kamar a hazo. Ya ƙi a faɗa. Sai muka yi dabara: in an kawo kuɗi, ya ce bari ya shiga tsakar gida inda haske ya fi, ya miƙo mini a 'yar tasa. In lafiyayye ne in mayar masa fuskar sarki tana sama, in an taɓa shi in kife. Ya shafa da yatsa, ya fita ya faɗi hukunci. Ba mu taɓa kuskure ba.

Ranar da nake ba ku labari Laraba ce, mako biyu bayan babbar salla. Malam Bulus ya zo, tsohon malamin makaranta ne ɗan ƙasar nan da ke zaune a Kaduna, mutumin Malam tun suna samari. Tare da shi akwai Ɗanjuma dillali, wanda ya samo wata dala ta azurfa da Malam Bulus ya ce ya daɗe yana neman mai irin shekararta. Ina ɗaki ina jiyo murnar Malam Bulus. Na ɗauko tasa na zauna ina jira. Malam bai shigo ba. Sai na ji muryarsa yana cewa wannan kam lafiya lau take. Can kuma ya ɗaga murya ya ce in kawo wa baƙi ruwa, abin da bai saba ba, don shi yake shigowa ya ɗauka.

Na shiga da kwanon ruwa na durƙusa muka gaisa. Dalar tana kan wani farin ƙyalle, daidai inda rana ke shigowa ta ƙofar zaure. Ban yi niyyar kallo ba, amma ido ya saba. Mu mata mun san inda ake huda kuɗi in za a saƙa shi a kitso ko a sarƙa: sama da kan sarki, don kada ya rataye kai ƙasa. Mahaifiyata ta sa irinsu. Wurin na fara duba. Sai na ga haruffa biyu na wajen sun fi 'yan'uwansu kauri, filin da ke kewaye da su kuma ya yi santsi fiye da sauran.

Na tsaya da kwano a hannu. In na yi shiru, dalar za ta kai Kaduna, wani mai ido ya gani, a ce Malam ya duba ya ce lafiya. In na yi magana, na ƙaryata mijina a gaban maza, kuma na tona abin da ya ɓoye shekara uku. Na dubi Malam. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na ce, “Malam, a yi mini haƙuri. Dalar nan an taɓa huda ta.”

Ɗanjuma ya yi dariya ya ce, “Haba Iya, ke da ko alif ba ki sani ba? Ga malamin makaranta ya karanta, ga maƙeri ya duba. Ko a tsamiya kika gano?”

Na ce masa alif kam ban san shi ba, amma sawun magagari ya girmi gemunsa a idona. Na roƙi Malam Bulus ya ɗaga ta ta gefe, ya hura mata hucin bakinsa sama da hular sarki, ya karkata ta ga rana. Ya yi. Da hucin ya fara bajewa, wani ɗan zagaye kamar ƙwayar dawa ya fito, launinsa ya ɗan bambanta. Na ce ya juya baya, daidai wurin. Nan ma ga shi. Ya ciro madubinsa mai ƙara girma ya daɗe yana kallo, sannan ya ce haruffan nan biyu da hannu aka sassaƙa su, gefensu a tsaye yake kamar yankan wuƙa, sauran kuwa duk sun kwanta da tsufa. Ɗanjuma ya rantse shi ma haka aka sayar masa, kuma na yarda da shi, don da ya sani da bai kawo ta gidanmu ba.

Malam Bulus ya dubi abokinsa. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta buɗe in shige. Sai Malam ya ajiye carbi ya ce, “Bulus, shekara uku ke nan ba na ganin fuskarka. Duk abin da na ce maka lafiya, ita ta duba. Daga yau ita za ku riƙa nema.”

Da baƙi suka tafi na tambaye shi don me bai shigo da tasa ba. Ya ce mantuwa ce ta tsufa. Mutumin da yatsansa ke bambance azurfa da dalma a duhu. Na sake tambaya bayan kwana biyu, ya ce abinci ya yi gishiri.

Na zata sunan gidan ya zube ke nan. Sai ga shi Malam Bulus da kansa ya riƙa turo mutane, yana ce musu gidan da mata ta iya tsayar da maganar mijinta a kan dala ɗaya ba za a cuce su a ciki ba. Ɗanjuma ma yanzu ba ya sayen komai sai ya biyo ta nan, yana shigowa yana cewa ga ɗalibi ya zo. Abin da na koya ke nan: a sana'ar nan kuɗi ba ya ƙarya, yana ɗauke da duk abin da aka yi masa, sai dai mai dubawa ya yi sauri ko ya ji kunya. Huda ba laifi ba ce, wata ce ta yi ado da ita. Ɓoye ta ne cuta. Ku faɗi abin da kuka gani ko da a gaban wanda kuke jin nauyi.

Malam ya kwanta ciwo da kaka, ana cikin girbin masara. Ranar kwanansa na tara, da safe, wata mata daga Gayam ta yi sallama da sulalla huɗu a ƙulle a bakin zane. Na ce a ba ta haƙuri, ba zan tashi daga gefensa ba. Ashe yana ji. Ya lalubo hannuna ya matse. Na fita na duba mata, ban fi shan ruwa ba. Da na dawo ya cika. Ina kuka har yau in na tuna, ba na kuma ɓoyewa. Maganar da ya yi mini kafin in fita ita ce:

“Je ki duba mata, Tabawa, tun rana ba ta ɗaga ba. Ina nan.”