Ƙwaryar da Sa'ade ta hana a ɗauki hotonta

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanwata Sa'ade makwancinta a Ƙauran Namoda. Har yau in babur ya tsaya a ƙofar gidanmu da la'asar sai na ɗaga kai, kamar zan gan ta ta sauko da buhun ƙorai, tana yi wa ɗan acaba faɗan gudu.

Nas ce a ɓangaren masu damuwar ƙwaƙwalwa. Lokacin da mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka fara kwararowa gari suna gudun 'yan bindiga, ita ce ke zama da matan da barci ya ƙaurace musu, da waɗanda suka daina magana. Da fari takarda da fensir mai launi ta kai musu, suka ce su ba yara ba ne. Sai ta koma kai musu ƙorai da kaba da lalle, abin da hannunsu ya saba. Na sha tsokanarta cewa ashe wasan 'yar tsana ta je koyo a makarantar jinya. Takan harare ni ta ce, “Yaya, kai dai gyara min Turancin.”

Aikina ke nan a wurinta, tunda malamin makaranta ne ni. Ta yi imani cewa in ba a rubuta labarin kowace mara lafiya bisa ƙa'ida ba, babu likitan da zai yarda zane na yi wa zuciya magani. Kuma wurin rubutun nan ba ta da sauƙi ko kaɗan. Na taɓa ƙawata mata jimla na sa cewa wata mata ta warke. Ta soke shi a gabana. “Wa yac ce maka ta warke? Ta fara cin tuwo, ta yi wa ɗiyarta kitso. Shi za ka rubuta.” In matar na shan ƙwayar asibiti ko rubutun malam, sai an faɗa, kada zane ya kwashe yabon da ba nasa kaɗai ba. Wadda aikin bai yi mata komai ba, ita ma sai ta shiga. Nakan ce mata da alƙali ta zama da an ji jiki.

Akwai wata mata da ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba. Ta zo ba ta cewa uffan. Sana'arta ta da zanen ƙwarya ce, da wuƙar da ake ɗorawa a garwashi. Ta daɗe tana zana ƙwarya guda a gaban Sa'ade, kuma a kan ƙwaryar nan bakinta ya buɗe, ta faɗi abin da aka yi mata a daji, wanda dangin mijinta ba su sani ba. Rahoton da Sa'ade ta rubuta a kanta shi ne mafi kyau a duk aikinta, har wata mujallar likitoci ta nemi buga shi tare da hoton ƙwaryar.

An sauya suna, an sauya gari, ni a ganina magana ta ƙare. Sa'ade ta ce da sauran aiki. Duk mai sayen ƙorai a kasuwar Shinkafi ya san hannun kowace mai zane kamar yadda ya san fuskarta, kuma hoto in ya fita ba ya tambayar inda zai je. Sai ta karanta wa matar rahoton da Hausa, ta nemi izininta. Matar ta ce a bari ta yi tunani. Kafin ta ba da amsa, danginta suka ƙetara da ita Nijar. Sa'ade ta ajiye rahoton tana jira, har ciwon ajali ya same ta.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau, da kowa ke ɗaga waya a sansanin 'yan gudun hijira, ya ɗauki hoton yaro riƙe da zanensa, kafin azahar duniya ta gani. Na san ba za ta yi shiru ba, kuma ina kewar wannan faɗan nata ƙwarai.

Bara wata abokiyar aikinta ta roƙe ni rahoton da ƙwaryar, waɗanda ke hannuna tun rasuwarta, a buga da sunan Sa'ade. Wallahi raina ya so. Ina son in ga sunan ƙanwata a shafi, in nuna wa 'ya'yanta. Ina cikin wannan wasiwasi na je Shinkafi ranar kasuwa, sai na hango ƙorai a jere a tabarma. Ni da ban san komai a zane ba, tun daga nesa na gane hannun matar nan. Nan na tabbata Sa'ade ce mai gaskiya.

Matar ta dawo ashe. Na gaishe ta, na ce ni yayan nas Sa'ade ne, na gaya mata rasuwar. Ta daɗe tana share ido da bakin gyale. Da na kawo zancen rahoton, sai ta dube ni.

“Malam, ashe ba ta bugo shi ba? Ni ta tsaya jira?”

Na ce ita ta jira.

Ta juya wata ƙwarya a hannu, ta ce, “Da ita ta taz zo, da na ce i. Kai rubuta labarinta ita, ka bar ni.”

Shi na yi. Sunan Sa'ade bai hau mujallar likitoci ba, kuma ba zai hau ba. Amma duk ranar kasuwa akwai mace da ke zaune cikin mutane tana ciniki, kanta a ɗage, babu mai nuna ta da baki. Allah ya jiƙanki, Sa'ade. Amsar da kika jira ta iso, kuma da ke ce kika je, da i aka ce.