Wasiƙun Ɗakin Wanki

Mamduh Bitar yana da shekara hamsin da bakwai, kuma har zuwa bana shi ne ɗalibi mafi tsufa a ajin koyon Suwidanci na manya da ke garin Falun a ƙasar Suwidin. A Hama ta ƙasar Siriya shekara goma sha tara ya yi yana hedimasta, da yara ɗari takwas a ƙarƙashinsa. A Falun kuwa aikinsa jera kwandunan tumatir da albasa a siton wani ɗan Iraƙi, inda kowa Larabci yake yi. Shi da kansa yakan ce shekara takwas da ya yi a Suwidin ba ta tafi a banza ba, domin yanzu ya ƙware a Larabcin Bagadaza.

A watan Janairu wata makarantar firamare ta nemi wanda zai riƙa koya wa 'ya'yan Larabawa harshen iyayensu. Shugabar makarantar ta duba takardunsa, ta ce za ta riƙe masa gurbin har ƙarshen Mayu, muddin ya kawo shaidar ya ci jarrabawar magana. Ta karatu da ta rubutu ya ci su tuntuni. Ta baki ce ta kayar da shi har sau biyu.

Ba lalaci ne ya ja masa ba. Kullum da yamma yakan zauna gaban rediyo ya saurari labaran da ake karantawa a hankali saboda baƙi, yana rubuta kowace kalma a littafi. Ya san yadda ake faɗin kuɗin ruwa na babban banki, da yajin aikin ma'aikatan jinya, da rigimar farautar kyarkeci. A jarrabawa ta biyu aka tambaye shi yadda ya yi hutun ƙarshen mako. Ya gyara zama ya ce rahotanni sun nuna cewa an kai ziyara kasuwa ranar Asabar, kuma ana sa ran ci gaba da tattaunawa kan batun kifi. Mai jarrabawar ta rubuta wani abu gajere a takarda, ta yi masa godiya.

Malamarsa, Malin, ta ce masa littafi ya gama nasa aikin, saura ya nemi mutum mai rai ya riƙa hira da shi. Ya gwada. A tashar bas, inda kowa ke tsayawa nesa da kowa kamar an yi faɗa, ya matsa kusa da wani dattijo ya gaishe shi, ya tambayi ra'ayinsa kan farashin lantarki. Dattijon ya duba agogo, ya taka a ƙasa zuwa tasha ta gaba. Maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa kuma ba ya fitowa sai ya leƙa ta hudar ƙofa ya ga babu kowa a matakala.

Ana cikin haka aka mayar da matarsa Rihab aikin safe a gidan kula da tsofaffi, wankin ranar Alhamis ya faɗo kansa, shi da bai taɓa wanke ko hankici ba. Ɗakin wankin yana ƙarƙashin bene, na duk masu haya ne, kowane gida da sa'o'insa uku a jikin allo. Rihab ta nuna masa inda ake zuba sabulu da inda ake dannawa. Abin da ta manta ta nuna masa shi ne rariyar injin busar da kaya, wadda ke tare ɓurɓushin zare, wadda kuma ƙa'ida ce kowa ya share ta kafin ya fita.

Alhamis ta zagayo, ya tarar da takarda manne a jikin injin. "Zuwa ga gida mai lamba goma sha huɗu. Rariya ba ta share kanta. Uwarka ba a nan take aiki ba." Babu sa hannu.

Ya hau sama da ita, ya buɗe ƙamus, ya karanta ta sau uku, kuma maimakon ransa ya ɓaci sai daɗi ya kama shi. Shekara takwas, duk wasiƙar da ta zo masa a ƙasar nan daga ofis take, inji ne ya buga ta. Wannan kuwa ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta masa da hannu, har ya tuna da mahaifiyarsa. Ya mayar da amsa shafi biyu. Ya fara da gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, ya ba da haƙuri, ya rufe da hasashen masana kan sanyin bana. Ya share rariyar tas, ya manna amsar. Da ya dawo mako na gaba, an ɗauke wasiƙarsa, amma ba a bar masa komai ba.

A nan ne hankalin tsohon hedimasta ya yi aiki, ya gane cewa in rariya ta fita tsaf, babu wasiƙa. Ranar ya bar ta da dattinta. Wasiƙa ta zo, layi huɗu. Mako na gaba ya ƙara da barin ɗigon sabulu a ƙasa, aka ba shi layi bakwai da kalmomi uku da babu su a littafinsa. Yakan kai su aji, Malin ta fassara masa tana danne dariya, ta ce wannan shi ne Suwidancin gaske, zagi sanye da rigar ladabi. Rihab ta gargaɗe shi cewa tsokanar mutanen da ba sa ɗaga murya ba ta da kyau, domin ba a sanin ranar da za su ƙosa.

A mako na shida wasiƙar ba a jikin inji ta zo ba. Ta akwatin gidan waya ta zo, daga ofishin masu benen: an kai ƙara, in aka sake, za a karɓe makullin ɗakin wanki. Rihab ta karanta, ta ninke ta, ta ajiye masa kusa da kofin shayi.

"Ranka ya daɗe, hedimasta," in ji ta, "kayan aikina kala uku ne kacal. In aka karɓe makullin nan, kai za ka tsaya a baranda in shanya su a kanka."

Saura mako bakwai jarrabawa, ga shi ƙofa ɗaya da ya samu tana shirin rufewa. Ranar Alhamis ya gama wanki, ya share rariya, ya goge ƙasa, sannan ya yi abin da ba a yi a benen: ya zauna a benci yana jiran mai sa'o'in da ke bin nasa, wanda yake zaton shi ne mai wasiƙun. Ƙarfe biyu daidai ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwa ce gajera mai farin gashi, tana jan keken kaya. Sunanta Gunvor Hedlund, shekararta saba'in da shida, ta yi ritaya daga gidan waya. Da ta gan shi ta yi kamar za ta juya.

Ya miƙe tsaye. Jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa ya gudu ya bar shi, sai guntayen kalmomi. Ya ce shi ne lamba goma sha huɗu. Ya ce karon farko mantuwa ce, sauran kuwa da gangan ya yi, domin a duk ƙasar ita kaɗai ce ke rubuta masa wasiƙa, kuma yana da jarrabawa.

Ta fara zuba kayanta a inji. Ta ce wasiƙarsa ta karanta wa ƙanwarta a waya, suka yi ta dariya, ƙanwar ma ta rantse rediyo ne ya kama haya a benen. Ta ce ita ba malama ba ce, kuma ba ta da niyyar zama. Amma inji minti hamsin da takwas yake ɗauka, ita kuma gwiwarta ba ta son hawa da sauka, a nan take jira da jaridar gari. In yana so, ga zannuwan gado, ya kama mata ninki.

"Na gode, Inna," ya ce.

"Ɗa ɗaya na haifa, kuma ya ishe ni. Sunana Gunvor."

Haka suka fara. Takan karanta jarida da ƙarfi tana yi wa kowane labari tsaki: an rage bas mai zuwa asibiti, gahawa ta yi tsada, majalisar gari za ta sare itatuwan bakin kogi. In ta gama sai ta tambaye shi ra'ayinsa. Da ya fara da "rahotanni sun ce" sai ta buga jaridar a benci ta ce ba rahotanni ta tambaya ba. Mako biyu duk abin da ta faɗa gaskiya ne yake cewa, don a inda ya taso ba a yi wa tsohuwa musu. Ta ce in amin take so a riƙa ce mata, coci za ta tafi.

A mako na uku jarida ta kawo labarin sabon gidan tsofaffi da za a gina. Gunvor ta ce tuni ta sa sunanta a layi, gara ta mutu a can da ta koma ɗakin baƙi a gidan ɗanta. Mamduh ya ajiye zanen da ke hannunsa. Ya ce wannan abin kunya ne ga ɗan, shi mahaifiyarsa a ɗakinsa ta rasu, yana riƙe da hannunta. Ta tambaye shi wa ya riƙa yi mata wanka, shi ko matarsa. Ya ce matarsa. Suka yi ta yi har inji ya tsaya ba su ji ba. Sai da ya hau sama ya lura cewa ya yi minti ashirin yana musu ba tare da ya buɗe littafi ba, kuma an kayar da shi.

Jarrabawar ta zo wata Talata a tsakiyar Mayu. Aka tambaye shi ko ya dace a rufe wurin ninkaya na gari ranar Lahadi. Ya yi tsaki irin na Gunvor, ya girgiza kai, ya ce waɗanda suka yanke wannan shawara da gani ba su taɓa zama da jika a ɗaki ɗaya ranar ruwan sama ba. Mai jarrabawar ta ɗago kai ta tambaye shi ko surukarsa 'yar ƙauyukan yankin ce, don maganarsa sak ta kakarta. Sakamako ya fito bayan kwana tara. Ya ci, da ƙyar da jiɓin goshi, da maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi. Ya ce a Hama yaron da ya kawo masa irin wannan maki, ubansa yake aika a kirawo.

Ranar Litinin da ta wuce ya fara aiki. Ya sa kwat da nakatayel, ya shiga aji ƙarfe takwas saura minti biyu, ya tarar da yara bakwai, biyu a ciki suna kwance a kan darduma. Wata 'yar shekara takwas ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi da Suwidanci ko rasuwa aka yi masa. Ya kwance nakatayel ɗin ya cusa a aljihu, ya juya ga allo ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu.