Gyara Biyar na Mushe

Shekarun da nake aiki a Tanout, mu ƴan kaɗan ne ke kula da wata manhaja ta kyauta da ake rubuta rijiyoyin Damargu a ciki: wadda ta ƙafe, wadda ke da ruwa. Rubutunta a buɗe yake, kowa na iya kawo gyara, amma ba ya shiga sai na duba na yarda. Ni kuwa lokacin, Allah ya yafe mini, ji nake ƙofar gidan ubana aka ba ni tsaro.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye wajen Belbeji, muna ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal daga Faransanci. Bayan ya bar aiki ya koya wa kansa rubutun manhaja. Ya aiko gyara biyar a jere, kowanne a kan na ƙasansa yake zaune: na biyu ba ya aiki sai da na farko, haka har na biyar, wanda zai sa a iya rubuta rijiya ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. A ƙasan saƙon ya ce: "Ɗana, idona yana tafiya. Ina so in ga sun shiga kafin ya rufe."

Na karanta, na ce tsofaffi da ƙorafi! Ina da ƙa'idata: ba na kallon na sama sai na ƙasa ya shiga. Na buɗe na farko kawai, na ce ya sauya sunan wani abu. Sati na gaba na ce ya raba wani sashe gida biyu. Na gaba kuma wata ƴar magana da ko ni yau ban tuna ta ba.

Duk sanda aka taɓa na ƙasa, dole a sake ɗora huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, a warware duk inda suka ci karo. Na san da haka sarai. Abin da ban damu in tambaya ba shi ne yadda yake yi. Ashe ƙauyensu babu rezo. Sai ranar kasuwa yake hawa mota ya fito, ya zauna a rumfar mai cajin salula, ya kara fuskarsa da allon ordinata, wato kwamfuta, ya aiko, ya koma. Abin da na faɗa cikin minti biyu, sati guda yake cinye masa.

Wata uku muna haka, sai saƙo ya ɗauke. Da shirun ya dame ni na buɗe biyar ɗin gaba ɗaya, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Da yamma ɗaya na gama. Aiki ne mai tsabta, wallahi ya fi nawa. Na shigar da su duka da sunansa, na nemi mota na tafi.

Na same shi a zaure, idanun sun yi fari. Bayan gaisuwa na ce, "Mushe, sun shiga, duka biyar." Na juya masa allon ordinatar da na zo da ita, sannan na gane abin da na yi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa hannuna.

Ya ce, "Karanta mini na biyar."

Ina cikin karantawa ya ɗaga hannu. "Tsaya. Akwai kuskure a nan. In mutum biyu suka rubuta rijiya ɗaya, na baya yana goge na farko. Tun da azumi na gan shi."

"Me ya hana ka gyara, Mushe?"

"Tsoro na ji, ɗana. Na ce in na taɓa, za ka sake mai da ni ƙasa."

Na duba layin. Kuskuren yana nan, kuma ni na sa masa hannu na wuce.