Inna Habiba, Mai Masaukin 'Yan Jirgin Ruwa a Jarwal

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Inna Habiba. Har yanzu in na kishingiɗa bayan la'asar sai in ga tsakar gidanta a unguwar Jarwal ta Makka, da gadajen igiya jere a inuwar katanga.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu na san ta. Lokacin ina aikin zuba kwal a wani jirgin ruwa mai zirga-zirga a Bahar Maliya. Tururi ya ƙona mini hannu, ciwon ya ruruce, kyaftin ya sauke ni a Jidda ya yi gaba. Wani ɗan dako Bahaushe ya ɗora ni a motar kaya, ya ce in na isa Makka in nemi gidan Basakkwatar nan mai sauke bahhara, wato mu 'yan jirgin ruwa.

Da na isa, Inna ta dubi hannun, ta ce, "Ya waladi, ɗana, shigo. Faɗin suna sai ka ci abinci."

Wata biyu tana wanke mini ciwon da ruwan gishiri. Mu bakwai ne a gidan, har da Basudane da wani Bayamane. Kunu take sayarwa, da shi take ciyar da mu. Mutumin da ya daɗe a teku yakan ji ƙasa tana lilo da shi, don haka ta sa aka sassauta igiyoyin gadajen domin mu samu barci.

Kowane baƙo, in ya ɗan samu sauƙi, tambaya ɗaya take yi masa: ko ya taɓa haɗuwa da Malam Bello, dogo, mai tabo a gira? Mijinta ne. Ya bi jirgi zuwa Sawakin, a gaɓar Sudan, neman guzurin komawarsu gida, bai dawo ba. Na ce ban san shi ba. Ta gyaɗa kai, ta ƙara mini kunu.

Daga baya aiki ya kai ni Ingila. Na kwana a gidan 'yan jirgin ruwa da Turawa suka gina tun zamanin kakanninsu, mai gadajen ƙarfe da ƙararrawar cin abinci. Da na dawo na ba ta labari, sai ta ce, "Masha Allah. To, in mutum ya ƙi ci, wa ke rarrashinsa?"

A wannan zuwan ne aka kawo wani tsoho mai tari, Ɗanjuma. Da ta yi masa tambayarta, sai ya ce, "Hajiya, da hannuna na yi masa wanka. Zazzaɓi ne. Muka yi masa salla, muka sa shi a ruwa."

Ta tambaya ko ya samu cikawa da kalmar shahada. Ya ce ya samu. Ta shige ɗaki, kwana uku ba mu ji muryarta ba. Muka fara ɗaure kayanmu, a zatonmu jiran ya ƙare, gidan ma zai rufe. Ran na huɗu da hantsi ta fito, ta ga ƙunshin kayan.

"Ina za ku? Ɗanjuma bai warke ba. A hura wuta."

Ta ƙara shekara tara tana sauke mu.

Yau otal-otal sun cinye unguwar, alhazai ta sama suke zuwa. Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga dogayen benayen nan. Ina jin za ta yaba, sannan ta leƙa bayansu ta ga wa ke kwance a ƙasa.

Ba ta haihu ba, kabarinta ba shi da alama. Amma ta koya wa ƙarti irinmu jinya. Shekaran jiya jikata ta ƙone da shayi, uwarta ta ruɗe. Na karɓi hannun yarinyar, na ji bakina yana cewa, "Sannu, sannu, ya kusa wucewa," da irin muryar Sakkwatawa, ni da nake Bakano.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sauke ta a masaukin da ya fi nata.