Layin Allin Mamuna

Shekara goma sha huɗu Mamuna tana ɗinki a unguwar Dichemso, a wani ɗan shagon katako da ke jingine da bangon gidan mijinta. Kekenta na ƙafa ne, baƙi, gadon mahaifiyarta. An sha ce mata ta sayi na lantarki, takan ce ita ba za ta zauna jiran a kawo wuta ba. Duk matar da ta taɓa kai mata yadi ta san halinta: ba ta sa almakashi sai ta ja layin alli a tsakiyar baya, daga nan take auna komai.

Cikinta na uku ya tsufa daidai lokacin ɗinkin babbar Sallah. Tana wata takwas tana taka keke tun hantsi har la'asar. Tsofaffin gidan suka yi ta jan kunnenta, wai mai tsohon ciki ba ta taka keke, girgizar tana taɓa bayan jariri. Ta yi dariya ta ci gaba, don mutane na jiran kayansu.

Da aka haifi Basma, sai ga wani ƙullutu mai laushi a ƙasan bayanta, fata ba ta rufe shi ba. Kwananta biyu a duniya aka yi mata aiki. Likita ya ce za ta rayu, batun tafiya kuwa sai an gani. Ba wanda ya buɗe baki ya tuna wa Mamuna gargaɗin nan. Ita ta riƙa tuna wa kanta. Ta rufe shago, kuma tana gama arba'in ta aika wa Brimah, mai gyaran kekunan ɗinki a unguwar Sofoline, ya zo ya ɗauke keken ko da kyauta ne.

Ƙanwarta Rafia, wadda ta gama jami'a a fannin ilimin halittu a bana, ta iso da safe ta tarar Brimah ya cire bel ɗin keken, ya fara kwance kansa daga teburin.

"Madam, keken nan ya fi ni lafiya fa," in ji Brimah. "Ni ma matata ta gaji da ni, amma ba ta kira a zo a kwance ni ba."

Mamuna ba ta yi dariya ba. "Shi ya ɓata mini yarinya. Shi da ƙafata."

Rafia, wadda ta ga bayan Basma kafin a rufe shi da bandeji, ta matso kusa. Ta duƙa ta ɗauki wani ƙyalle da guntun alli.

"Yaya, kalli nan." Ta ja layi, ya ɗan karkace.

"Wannan ne layi? Ba ni." Mamuna ta karɓa ta ja shi sambal.

"To, jariri ma da irin wannan yake farawa. A mako na uku, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wani siririn zare yake fitowa a tsakiyarsa, notokod ake ce masa. Shi yake nuna inda baya zai kasance. Shi yake sa shimfiɗar da ke samansa ta naɗe haka." Ta haɗa gefen ƙyallen biyu bisa layin. "Sai ta rufe kamar zif, daga tsakiya zuwa sama da ƙasa. Ita ce take zama laka da ƙwaƙwalwa. Na Basma, can ƙarshe ne bai ƙarasa rufewa ba."

"Yaushe ake rufewar?"

"Kafin kwana talatin an gama."

Mamuna ta ƙirga da yatsu. "Lokacin ko ni ban san ina da ciki ba."

"Shi ne nake faɗa miki. Keken wata takwas ba ya buɗe abin da ya riga ya rufe."

"To me ya hana shi rufewa?"

"Ban san duka ba, Yaya, likitoci ma ba su san duka ba. Akwai dai wata 'yar ƙwaya, folik asid, da ke rage haɗarin, amma tun kafin a ɗauki ciki ake fara sha. Mu kuwa sai ciki ya fito muke zuwa awo."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Ni na karanta, ban gaya miki ba." Nan muryar Rafia ta karye.

Mamuna ta dubi ƙyallen. Sannan ta dafa kan ƙanwarta. "Tashi, ke kuma. Mai kuka ɗaya ta ishi gidan nan."

Brimah ya yi gyaran murya. "In ɗauka ko in mayar?"

"Mayar. Ka ɗaure bel ɗin da kyau, da ma yana zamewa."

Bayan azahar ta shimfiɗa wani farin yadi mai laushi don rigar Basma. Ta kai alli tsakiyar baya kamar kullum, sai ta tsaya. Ta matsar da hannunta, ta ja layin ta gefe, inda ɗinki ba zai goge tabon ba.