Abdu Kuku da Allurar Mudir

Duk wanda ya zauna a sansanin kamfanin titi da ke bayan unguwar Abdulkafi a Libiya ya san da agogo biyu Abdu Kuku yake yawo. Na hagu na sallah ne, na dama kuwa na Mudir. Ba mudir ɗin ofis ba, wato manaja, muzurunsa. Wai ya sa masa sunan ne don ba ya aikin komai, kuma shi ke fara cin abinci.

Shekarun da kuɗin fetur suka cika Libiya ne, kifin gwangwani har ture shi muke yi. Mudir ya ci, ya koma kamar matashin kai. Can sai ya fara ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Abdu ya lura kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Ni ke tuƙa motar cefane, don haka ni na kai su wurin likitar kamfani, wata dattijuwa 'yar Bulgeriya.

Ta ce, "Ni mutane nake dubawa, ma'aikatan kamfani."

Abdu ya ce, "Madam, ma'aikaci ne. Shi ne mai gadin sito."

"Beraye nawa ya kama?"

"Ai shugaba ne, ba ya kamawa da kansa."

Ta yi dariya, ta auna fitsarin, ta ce ciwon suga ne. Ta ba shi kwalbar insulin, ta nuna masa ɗan layin da zai tsaya a jikin sirinji. Safe da yamma, kuma sai muzurun ya ci abinci. Daga nan Abdu ya samu kalmar da ya dame mu da ita: "Ci, sannan pikir." Mutumin Tasawa ne, bakinsa bai taɓa cewa allura ba.

Awon fitsari kuwa, wayyo! Kullum da safe za ka ga dattijo da furfurarsa yana bin muzuru a duƙe, riƙe da ludayi. In ya tara, ya tsoma 'yar takardar awo, ya ɗaga ta yana duban launinta. Wata rana na kasa haƙuri.

"Baba Abdu, wannan ludayin ba na miya ba ne?"

"Kai Bakano, na miya akwai jan zare a jiki."

"Ai wannan ma da jan zare."

Ya duba, ya juya shi, ya ce, "To, wani ya mutu?"

Kwana uku gaya nake ci ba miya.

Sai ranar da muka je Samnu sayen tumatir. Abdu ba ya barin Mudir, yana cikin kwali, insulin kuma a fulas da ƙanƙara don zafi na kashe shi. A dawowa 'yan sanda suka tare mu wajen Tamanhint. Ni kuwa na san iƙamar Abdu, takardar zamansa, ta daɗe da ƙarewa. Ɗan sanda ya buɗe fulas, ya ga kwalba da sirinji, ya haɗe rai.

"Wannan na wane ne?"

"Na Mudir."

"Ina mudir ɗin?"

Abdu ya nuna kwali. Kafin mutumin ya ce wani abu, ya dubi agogon dama ya ce, "Lokaci ya yi. Riƙe mini shi, ya afandi." Wallahi haka ɗan sandan nan ya rataya bindiga, ya riƙe Mudir, muzurun ya ci kifi, aka tsira masa allura a ƙeya. Ɗan sandan ya ce mahaifiyarsa ma irinta ake yi mata. Suka shiga hirar suga har aka ɗaga mana sandar shinge. Iƙama ba wanda ya tuna.

Sau ɗaya ya bar mini amana, ranar da ya je aika wa iyalinsa kaya. Mudir ya shinshina kifi ya kau da kai, ni kuwa na ga lokaci ya yi, na yi masa allura. Abdu ya dawo ya tarar da shi kwance yana karkarwa, ido a kafe. Ya lakato ruwan dabino mai kauri yana goga masa a dasashi, har ya ɗago kai. Sannan ya juyo.

"Kalma uku, Sani. Ci, sannan pikir. Da me kuke cin lasisi a Kano?"

Abin da ba kowa ya sani ba, likitar nan ta auna Abdu shi ma, ta ce ciwonsu ɗaya da Mudir. Ta ɗauko sirinji, ya ja da baya har ya buge ƙofa.

"Madam, ni ba mage ba ne."

Mutumin da ya shekara huɗu yana tsira allura sau biyu a rana, ashe tsoronta yake ji! Shayinsa kuwa cokali huɗu na suga, bai rage ko ɗaya ba. Mun yi faɗa, mun yi lallashi, a banza. Iyalinsa suka yi ta aike ya koma gida, ya ce ba wanda zai bar wa Mudir, tunda ya ga aikina. Sai da muzurun ya mutu da tsufansa ya hau mota. Bai cika shekara a Tasawa ba, ƙafa ta ruɓe, ya bi Mudir.

Allah ya jiƙan Baba Abdu, ya yafe masa taurin kai. Yadda ya tausaya wa abin da ba ya iya cewa na gode, Allah ya tausaya masa. Amin.